Na Fi Shi Sakamako, Me Ya Sa Aka Ɗauke Shi Aka Bar Ni?

Wasiƙun wannan fitowa daga Katsina da Daura suke, kuma duk a kan neman aiki da ɗaukar ma'aikaci. Mun taƙaita wasu, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na karanta Tattalin Arziki, na fita da digiri mai daraja 2:1, maki 4.1, na gama bautar ƙasa bara. Sau uku ana kirana intabiyu: wani banki, wata ƙungiyar agaji, da wani kamfanin rarraba kayan masarufi. Duka ukun shiru kake ji. Abin da ya fi ƙona mini rai, a na ƙarshen abokina aka ɗauka, mai 2:2, wanda ni ke yi masa bitar karatu in jarrabawa ta matso. Sai da hanya ne, ko akwai abin da ban gane ba? — Wani matashi, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Hanya akwai ta, ba za mu ce maka babu ba. Amma wanda aka kira intabiyu sau uku takardunsa ba su da laifi. A cikin ɗakin ne ake samun matsalar.

Rariya biyu ake tace mai neman aiki da ita. Ta farko ta takarda ce: digiri, darajar sakamako, shaidar bautar ƙasa, wani wurin har da iyakar shekaru. A yawancin jami'o'inmu 2:2 yana farawa daga maki 2.40, 2:1 daga 3.50. In sanarwa ta ce ana son mai 2:2 zuwa sama, to kai da abokinka kun tsallake tare, kwali kuma ya gama aikinsa daga nan. Babu mai ƙara maka maki a intabiyu don 4.1 ɗinka, domin duk wanda ke zaune a bencin jira ya wuce wannan rariyar.

Rariya ta biyu, masu tambayar abu uku suke son sani, ko da ba su furta ba. In aka ce ƙarfe takwas, takwas ɗin zai zo? Za a iya tura shi gaban mutane ba tare da ya jawo wa kamfani abin kunya ba? In ya yi ɓarna zai faɗa da kansa, ko sai an gano? Dubi aikin kamfanin da ka ambata. Wanda suka ɗauka kasuwannin Jibiya, Mai'aduwa da Charanci zai riƙa bi, ya zauna gaban Alhajin da ya girmi mahaifinsa, ya karɓo kuɗin katan hamsin da aka ba shi bashi, kuma ya baro shi yana murmushi don mako mai zuwa ya sake ɗaukar kaya. Babu kwas ɗin da ake koyar da wannan a aji huɗu.

Ga wuraren da masu kyakkyawan sakamako suka fi faɗuwa.

Tambayar farko kusan kullum ita ce ka gabatar da kanka. Da yawa sai su faro daga asibitin da aka haife su, su biyo ta firamare da sakandare. Duk wannan yana cikin takardar da ke gaban mai tambayar. Minti ɗaya da rabi ya isa: abin da ka karanta, aiki ɗaya ko biyu da ka taɓa riƙewa, da dalilin da ya sa wannan aikin ya dace da kai. Ka rubuta, ka karanta da agogo a hannu, ka yanke abin da ya wuce.

Sai yabon kai marar shaida. "Ni mai gaskiya ne, mai ƙwazo, mai iya zama da jama'a." Mutum ashirin sun faɗi haka kafin ka shigo. Abin da ke zama a kunnen mai tambaya shi ne labari mai gaɓa huɗu: halin da aka shiga, abin da aka ɗora maka, abin da ka yi da hannunka, da yadda ta ƙare. A ce lokacin bautar ƙasa an ba ka aji mai ɗalibai 70, rabinsu ba sa dawowa bayan tara. Ka fara kiran suna sau biyu a rana, ka je gidaje shida da kanka ka gaida iyaye, ka gano yawancin yaran talla ake ɗora musu ranar kasuwa, kuka daidaita da shugaban makaranta aka matsar da darasin lissafi zuwa safe. Wannan amsar ta nuna haƙuri, lura, da iya magana da manya, ba tare da ka ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba. Ka tanadi irin waɗannan guda biyar daga abin da ya faru da kai da gaske: ɗaya kan saɓani da wani, ɗaya kan kuɗin da aka ba ka amana, ɗaya kan kuskurenka, ɗaya kan aikin da lokaci ya ƙure, ɗaya kan abin da ka koya wa kanka. Jiran shagon yayanka a Babbar Kasuwa aiki ne. Riƙe kuɗin ƙungiyar unguwa aiki ne. Kada ka raina su. Ƙirƙira kuwa kada ka yi, tambaya biyu a kan labarin ƙarya ta isa ta warware shi.

Akwai kuma abin da tarbiyyarmu ke jawowa. An koya mana cewa "ni na yi" alfahari ne, sai mu ce "mun yi". An koya mana sunkuyar da kai gaban babba. A zauren gida wannan ladabi ne. A ɗakin intabiyu, musamman in mai tambayar baƙo ne daga Legas ko Abuja, "mun yi" yana nufin ba a san rabonka a aikin ba, sunkuyar da kai kuma ana iya ɗaukarsa rashin tabbas. Ba a ce ka zuba wa dattijo ido ba. Ka dubi fuskar mai tambaya yayin da yake magana, ka dube shi a farkon amsarka da ƙarshenta, a tsakani idonka ya huta. Ka ce "mu biyar ne, ni aka ba lissafi", shi ke nan ka haɗa ladabi da bayani.

Tambayar kuskure ita ce ramin da ya fi cin masu ƙoƙari, wataƙila don ba su saba faɗuwa ba. In aka ce ka faɗi wani kuskure da ka taɓa yi, kada ka ce ba ka tuna ba, kada kuma ka kawo wanda a ƙarshe laifin malami ne ko na shugaba. Wanda ya zagi tsohon maigidansa a gaban sabo, sabon ya riga ya ji abin da za a faɗa a kansa gobe. Ka faɗi naka, da wanda ka sanar, da abin da ka canza.

Ƙananan abubuwa kuma su ne ba ƙanana ba. Ka isa minti 30 kafin lokaci. In wurin baƙo ne gare ka, ka je ka gano shi tun ana gobe intabiyu, don mai Keke Napep ba zai amsa tambaya a madadinka ba. Ka gaida maigadi da mai karɓar baƙi gaisuwar mutunci, manajoji da yawa sukan tambaye su bayan an watse. Waya a kashe, ba a aljihu tana kaɗawa ba. Takardun asali a jaka ɗaya, kwafi biyu-biyu a jere yadda sanarwa ta lissafa su. Ka san abin da kamfanin ke sayarwa da farashin kaya uku daga ciki. Zagaye ɗaya a kasuwa ya ba ka wannan. In aka ce kana da tambaya, kada ka ce babu. Ka tambayi abin da ake son sabon ma'aikaci ya cimma a wata ukun farko.

Kafin kira na huɗu, ka sa wani ya zauna a matsayin mai tambaya, ka jingina waya ta ɗauke ku bidiyo na minti 15, ka kalla. Ba daɗin kallo, amma a nan za ka ga kaɗa ƙafa, da "am, am", da amsar da ta yi minti huɗu ba ta isa ko'ina ba. Ka maimaita sau uku. Sannan ka haɗiye ɗacin, ka je wurin abokin nan naka ka ce ya faɗa maka tambayoyin da aka yi masa da yadda ya amsa. Kai ka koya masa a makaranta, yanzu layinsa ne.

TAMBAYA: Ina da NCE, na yi aure na zauna shekara huɗu ban yi aiki ba. Yanzu maigida ya amince in koyar. Wata makarantar kuɗi ta ce in zo in gwada koyarwa a gabansu. Matsalata kunya, in na ga manya muryata sai ta shige ciki. — Wata 'yar'uwa, Daura.

AMSA: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ba manyan za ki koyar ba. Su suna bayan aji da biro, yara ne a gabanki, kuma yadda yaran suka bi ki shi ake dubawa. Irin wannan gwaji yakan ɗauki minti 15 zuwa 20. Tun yanzu ki tambayi aji nawa ne, wane darasi, yara nawa. Yin tambayar kansa maki ne.

Ki ɗauki abu guda tak da za a iya gamawa a lokacin. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗebo babi guda don a nuna ilimi, lokaci ya ƙare ana tsakiya. Ki raba: minti 2 gaisuwa da tambayar da za ta jawo hankalinsu, minti 8 bayani da misali, minti 5 yara su gwada da kansu, sauran ki bincika ko sun gane. Ki je da tsarin darasin a rubuce, kwafi biyu, ɗaya ki miƙa wa shugabar makaranta kafin ki fara. Ki riƙe abin nuni ko da marafan lemo ne na ƙirga. Ki tambayi sunan duk yaron da ya ɗaga hannu, ki kira shi da sunan. In kina rubutu a allo ki yi shiru, ki juyo sannan ki yi magana. Murya mai rauni in ta fuskanci allo ta ɓace gaba ɗaya. In yaro ya ba da amsar da ba daidai ba, ko wani ya fara surutu, nan ne idon masu gwajin ke buɗewa. Ki matsa kusa da mai surutun kina ci gaba da darasi, yawanci hakan ya wadatar. Tsawa da dukan tebur suna rage maki.

Murya kuwa motsa ta ake yi kamar ƙafa. Ki roƙi Islamiyyar unguwarku su ba ki aji na mako biyu, ki sa yarinya ɗaya a bencin ƙarshe ta ɗaga hannu duk lokacin da ba ta ji ki ba. Shekara huɗun da kika zauna, jimla ɗaya ta ishe su: kin yi aure, kin yi reno, yanzu kin shirya. Ba abin ba da haƙuri ba ne. Abin da mai makaranta ke tsoro shi ne fashi, don haka ki faɗi tsarinki a fili: wa zai riƙe yaro, da me za ki zo, ƙarfe nawa za ki iso. In ba ki yi rajista da hukumar malamai ta TRCN ba, ki fara shirin jarrabawarta, ki kuma gaya musu kin fara.

TAMBAYA: Ina da shagon kayan gini, siminti, rodi, kwano da fenti. Sau biyu ina ɗaukar masu HND a lissafi. Na farko ya kore mini magina da girman kai, na biyu kuɗi suka riƙa ɓata a hannunsa. Ta yaya zan gane halin yaro kafin in damƙa masa shago? — Wani ɗan kasuwa, Katsina.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kwalin nan bai yi maka ƙarya ba, ya ce sun iya lissafi, kuma wataƙila sun iya. Bai ce komai kan hali ba, kai kuma ba ka gwada ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, gwajin kuma awa ɗaya ya ishe shi.

Ka sa masa lokaci marar zagaye, kamar tara da kwata, ka lura da isowarsa. Ka ba shi rasit 20 na cinikin wata rana da ta wuce, a hargitse, ka dasa kuskure biyu a ciki da gangan: ɗaya na tarawa, ɗaya kuma buhun siminti da aka rubuta 40 alhali kuɗin 45 aka karɓa. Ka ce ya fitar da jimlar ranar. Mutum iri uku za ka iya gani. Wanda bai ga kuskuren ba, ba shi da lura. Wanda ya gani ya gyara shiru don lissafi ya daidaita, shi ne abin tsoro, ko da niyyarsa kyakkyawa ce, domin hannun da ya saba gyara shiru wata rana zai gyara wa kansa. Wanda ya kawo maka ya ce "Alhaji, nan akwai abin da ban gane ba", shi kake nema.

Daga nan ka sa wani yaronka da bai sani ba ya shigo a matsayin magini, ransa a ɓace, ya ce simintin da ya saya jiya buhu uku sun daskare. Ka koma gefe. Ya ba shi wurin zama? Ya bar shi ya gama magana? Ya tambayi rasit da inda aka ajiye kayan, ko musu ya fara? Ya yi alkawarin abin da ba shi da ikon bayarwa? Magini ɗaya yana iya jawo maka gini goma a shekara, kuma maginan garin nan duk sun san juna.

Masu tsaya masa, kada ka tsaya kan takarda. Ka kira su, ka kuma nemi mutum ɗaya da bai rubuta ba, wanda yaron ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa. Mutanenmu ba sa son tona asiri, in ka ce "yaya halinsa?" za a ce maka "ba laifi". Ka tambaya haka: "Da kana da gurbi yau, za ka mayar da shi kan kuɗi?" Jinkirin da ya biyo baya shi ne amsar.

Sai ka ɗauke shi gwajin wata uku da albashi, da takarda mai ɗauke da aikinsa, albashinsa, lokacin zuwa da tashi, da wa'adin sallama. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba ma'aikaci irin wannan takarda kafin ya wuce wata uku da fara aiki, kuma tana kare ka kamar yadda take kare shi. Wanda ke karɓar kuɗi kada ya zama shi ke rubuta littafi. A ƙirga kuɗi kullum kafin a rufe, a haɗa da takardar POS, a ƙirga kayan sito duk mako. Kada kaya su fita kan hoton alat, sai an ga kuɗin a asusu. Amana ana ƙara ta ne kaɗan-kaɗan: makon farko littafi, wata na biyu a karɓi littafin a ba shi aljihun tebur na kuɗi, makullin sito daga baya.

Da gafararka, Alhaji, abu biyu kuma suna wajenka. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma wanda ke ƙirga miliyoyi kullum yana karɓar abin da bai kai kuɗin mota da abinci ba, an ajiye nama kusa da kura. Na biyu, yaron da aka yi wa tsawa gaban kwastoma ranar da ya faɗi kuskurensa, ya koyi darasi ɗaya: gobe ya ɓoye.

TAMBAYA: Ɗana yana aji biyu a jami'a, ya ce zai bari, wai yanzu ba a duba kwali. — Wata uwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Hajiya, kada ki yarda. Likita, nas, mai haɗa magani, lauya, injiniya, babu mai shiga ɗayansu da daɗin baki, sai da takarda da lasisi. A aikin gwamnati mai digiri a mataki na 8 yake farawa, kuma takarda ce ke kai shi can. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji yawanci ta intanet ake cike musu, wanda bai da abin da aka nema ba ya kaiwa gaban mutum balle a ga halinsa. Ki tambaye shi ainihin dalilin. Sau da yawa bayan irin wannan magana akwai kwasa-kwasan da aka faɗi ake jin nauyin faɗa a gida, ko kuɗin rajista da ya gagara. In sana'a ce ke ransa, ya haɗa: karatu a zangon karatu, shago ko gareji a hutu. Barin abu a tsakiya shi kansa tambaya ce da za a yi masa a duk inda ya je neman aiki.

TAMBAYA: Ni ɗalibar kwalejin kimiyya da fasaha ce, zan fita koyon aiki na SIWES. Ina ake koyon wannan iya mu'amalar da kuke ta faɗa? — Wata ɗaliba, Daura.

AMSA: A can inda za ki, ƙanwarmu, in ba ki mai da shi zuwa sa hannu a littafi ba. Ki riga oganki isowa. Duk aikin da aka ba ki, ki maimaita shi da bakinki don a tabbatar kin ji daidai, ki tambayi yaushe ake so. In kika ce "in sha Allahu", ki haɗa da rana da lokaci. In kin ga ba za ki gama ba, ki faɗa tun da sauran lokaci, kada ki kashe waya. Ki koyi Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, har ki iya tara shafi da tace suna, ki koyi rubuta rahoton rabin shafi: me aka yi, me ya rage, me ake buƙata. Kowace Juma'a ki rubuta abu ɗaya da ya faru da yadda kika yi da shi. Waɗannan su ne labaran intabiyunki nan da shekara biyu. Mako biyu kafin ki gama, ki roƙi takardar shaida mai sa hannu da hatimi, tun ana tuna fuskarki.

Saƙon waya ma mu'amala ce. Kada ki aika wa babba "Slm" ki yi shiru kina jiran ya tambayi ko wace ce, kada kuma ki tura saƙon murya na minti uku. Ga yadda ake yi: "Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ce ɗalibar da ta yi koyon aiki a sashen lissafi daga Yuni zuwa Satumba. Na ga sanarwar gurbin mai taimaka wa akawu, na kuma miƙa takarduna jiya. Ina neman izinin sa sunanka cikin masu ba da shaida a kaina. Na gode." Ki aika tsakanin tara na safe da azahar, ranar aiki. In kwana uku suka wuce shiru, ki tuna masa sau ɗaya.